Sanata Firmin, Baƙo a Gidan Ubansa

Har ya bar duniya mutanen Puybrel ba su saba kiran Firmin Combarel Sanata ba, Kanar suke ce masa, shi kuma bai taɓa gyara wa kowa ba. Ya yi shekara goma sha takwas a majalisar dattawa a Paris, ya haura tamanin da haƙoransa a baki, yana cin abin da ransa ke so, yana barci kamar jariri. In ka tara mutanen kwarinmu ka ce su nuna maka wanda duniya ta yi wa riga da wando, shi za su nuna, kuma ba su yi ƙarya ba. Abu ɗaya ne ta riƙe masa shekara da shekaru, abin da ko mai kiwon agwagi yake samu a banza: ya shiga gidan ubansa a ɗauke shi ɗan gida, wansa ya dube shi ya ga ƙane.

Shi ne na biyu a ɗakin uwarsa, na biyu kuwa a wajenmu tun yana goye ya san ba shi da gida. Gona da shanu da tumaki, har gadon da aka haife shi a kai, duk na babba ne. Ƙane sai ya zaɓa, ko coci ko bariki. An so a yi wa Firmin sha'awar coci, amma Fada ya zo cin abinci gidan sau ɗaya, ya ga yadda yaron ke share kwano yana leƙen tukunya, ya ce wa uban, "Antonin, wannan ba zai iya azumi ba. Ka ba gwamnati ta ciyar da shi."

Babban, Basile, ya girme shi da shekara huɗu, kuma Allah ya yi shi da baki. Da zagi yake tashin shanu, da zagi yake gaida maƙwabta, in ya ƙaunace ka kuwa ka shiga uku. Duk wanda Basile ya yi wa magana mai daɗi, to ya koma gida ya binciki kansa, akwai abin da ya yi. Firmin ya tashi a cikin wannan zagi safe da yamma, bai taɓa zaton abu ne da mutum zai yi kewarsa ba.

Ranar da zai tafi soja, yana ɗan shekara goma sha takwas, aka zauna cin abincin rana a kicin kamar kullum, dogon tebur, benci biyu, tukunya a tsakiya. Miya ta kusa ƙarewa a kwanuka, saura ɗan abin da ya kwanta a ƙasa da ɗuminsa, sai tsoho Antonin ya jawo kwalbar jan ruwan inabi ya tsiyaya a nasa, ya tsiyaya wa Basile, sannan ya miƙa hannu ya tsiyaya wa Firmin. Wannan al'ada ita muke kira shabro, kowa ya ajiye cokali, ya ɗaga kwano da hannu biyu ya kurɓe har ya ga gindinsa. Ba a yi wa yaro, ba a yi wa baƙon da ba a sani ba. Ranar da uba ya karkata kwalba a kwanonka ya gama faɗa maka cewa kai namiji ne a gidansa, ba sai ya buɗe baki ba, Antonin kuwa dama ba mai buɗe baki ba ne. Firmin ya kurɓa, ya ƙware, Basile ya ɗirka masa duka a baya ya ce ko sha bai iya ba wai zai je ya riƙe bindiga.

Aikin soja ya karɓe shi. Ya samu takalmin fata bayan ya girma cikin na katako, ya samu nama a tukunya kusan kullum, ga wanda zai gaya maka aikinka tun da safe ba sai ka tsaya kana duban hadari ba. Yaron ba ya ƙorafi, ba ya gajiya, ga rubutu mai kyau da malamin ƙauye ya dasa masa da bulala. Daga kurtu ya zama saja, daga nan aka tura shi makaranta ya fito laftanar, abin da ba a taɓa ji ba a Puybrel. A nan ne ya fara cin abinci tare da hafsoshi, 'ya'yan manyan gidaje da suka tashi suna ganin cokula uku a gefen faranti. A makonsa na farko aka kawo miya, ya ci, da ta kusa ƙarewa hannunsa ya yi abin da ake yi a gidansu, ya tsiyaya ruwan inabi ya ɗaga kwano. Yana sauke kwanon ya ga duk tebur shi ake kallo. Wani siririn laftanar ya goge baki ya ce, "Combarel, a garinku maƙeran ba su kai ga cokali ba tukuna?" Aka kwashe da dariya. Firmin ma ya yi dariyar, amma kunyar ta shige shi har ƙashi, daga ranar ya zama ba wanda ya kai shi iya riƙe cokali a duk barikin.

Ya auri Clotilde, 'yar wani likita a garin da barikinsu yake, doguwa mai saurin dariya, wadda ba ta raina abinci. Lokacin girbi ya samu hutu ya kawo ta gida a ganta. Noémie matar Basile ta yanka agwagwa, ta dafa miyar kabeji da wake, aka zauna a kicin. Tun da aka zauna Firmin yake satar kallon amaryarsa, yana ganin hayaƙin da ya baƙanta rufi, da kajin da ke shigowa har ƙarƙashin tebur, da faratan ubansa, abubuwan da bai taɓa lura da su ba sai ranar. Da tsohon ya jawo kwalba ya miƙo hannu, sai Firmin ya kifa tafinsa a kan kwano.

"A'a Baba, na gode. Na daina."

Tsohon ya tsaya da kwalbar a sama, ya dubi hannun, ya dubi ɗansa, ya mayar da ita inda take. Shi ma bai tsiyaya wa kansa ba. Ya ɗauki cokali ya ƙarasa miyarsa a hankali yana kankare gindin kwano, abin da ba wanda ya taɓa ganin ya yi. Abin haushin, ita Clotilde da aka yi abin dominta ta riga ta turo nata kwanon gaba tana jira a tsiyaya mata ta ɗanɗana. Ranar ce ta farko da aka tashi daga teburin nan Basile bai zagi kowa ba. Sanyin shekarar ya tafi da tsohon, kafin Firmin ya sake samun hutu.

Akwai ɗaki a gaban kowane gida namu da ba a buɗewa sai Fada ya zo ko za a kwantar da gawa. Kujeru ne a jere jikin bango, da agogo, da hoton aure, da warin wurin da ya daɗe a rufe. Da Firmin ya dawo hutu na gaba ya nufi ƙofar kicin kamar yadda ya saba, sai ya tarar da Basile a tsakar gida sanye da rigar zuwa coci, hula a hannu.

"Sannu da zuwa, ranka ya daɗe Laftanar. Ta nan, ta gaba."

"Yaya, mene ne haka? Ni ne fa."

"Ai na gani, ranka ya daɗe. Kicin hayaƙi ne, kar ya ɓata maka kaki. Noémie! Shimfiɗa farin ƙyallen tebur, ki fito da farantan nan masu bakin zinariya, muna da baƙo."

Haka aka yi a shekarar, haka aka yi a ta gaba, haka aka yi ta yi. Basile bai taɓa ɗaga masa murya ba, bai taɓa kuskuren muƙaminsa ba: ranka ya daɗe Kyaftin, ranka ya daɗe Manjo, duk ƙarin girman da aka yi masa sai ya tarar labari ya riga shi isowa. Za a kawo masa cinyar agwagwa mafi kyau a faranti, Basile ya ɗosana a bakin kujera ya tambaye shi lafiyar gwamnati, sannan ya nemi izini ya koma kicin. Ta bango Firmin yake jiyo shi yana surfa wa kare zagi, yana surfa wa yara, ana ta dariya. Har muryar Clotilde yake jiyowa, don ita tun zuwa na biyu ta sulale ta koma can, Basile yana kiranta 'yar birni mai hannun auduga, tana ramawa. Firmin mutum ne da ke tsayar da soja ɗari da kallo ɗaya, amma farin ƙyallen nan ya fi ƙarfinsa. Ya sha shirya maganar da zai yi tun daga cikin jirgin ƙasa, yana isowa a ce masa ranka ya daɗe, maganar ta bi iska.

Babban Yaƙi, wato na duniya na farko, ya same shi yana dab da hamsin. Ba a ce ya yi abin da za a sa a littafin makaranta ba. Yaran da suka yi aiki ƙarƙashinsa abu biyu suke faɗa: miya tana isa ramukan da suke fakewa da zafinta ko da sama na zubar da wuta, kuma ba ya tura mutum inda shi ba zai je ba. Ya fito da muƙamin kanar da kunnen hagu a toshe. Da aka gama ya ajiye kaki, ya sayi ɗan gida a gindin ƙauyen mai lambu da bishiyoyin tuffa, ya shiga bin gidajen yaran jiharmu da ba su dawo ba. Bai iya doguwar ta'aziyya ba. Zai cire hula, ya zauna, ya gaya wa uwar inda ɗanta yake kwance da wanda ke kusa da shi a lokacin, sannan ya ɗan jima tare da su. Mutane ba su manta masa wannan ba.

Shi ya sa da sanatanmu na da ya rasu, wasu dattawa suka zo har lambu suka same shi yana ɗaure tumatir. Ya ce musu shi fa ko ƙuri'a bai taɓa jefawa ba, tunda soja a zamanin ba ya zaɓe. Suka ce ai hakan ya fi, ba wanda zai ce ka taɓa zaɓar maƙiyinsa. Sanata kuwa ba taron jama'a ke zaɓensa ba, shugabannin garuruwa ne da wakilan kansiloli, kuma waɗannan ba a samunsu da jawabi. Sai ka je gidan kowa, ka duba shanunsa, ka yaba rijiyarsa, ka zauna ka ci abin da matarsa ta dafa. In ta miƙo ƙari ka ce ka ƙoshi, to ka ƙoshi da ƙuri'ar mijinta ma.

Suka sayi wata tsohuwar mota, Clotilde ke tuƙi, don shi in ya kama sitiyari umarni yake ba motar, ita kuwa ba ta taɓa shiga soja ba. A ƙauye na farko magajin garin ya zaunar da su a kicin. Miya ta yi ƙasa, ya jawo kwalba ya tsaya yana duban Kanar, ya ga ko wane iri ne. Firmin ya janye hannunsa daga kan tebur. Aka tsiyaya, ya ɗaga kwanon, ɗumin da tsamin suka doki hancinsa, sai ga shi a bencin ubansa yana saurayi. Ya daɗe bai sauke kwanon ba, don kar a ga idonsa. Magajin garin ya buga tebur ya ce, "Na rantse namu ne!"

Daga nan abin ya zame masa jiki. Ƙauye biyu a yini, miya biyu, kwano a sama. Wandonsa ya daina rufuwa, gashin bakinsa ya rine. Ba don ƙuri'a yake yi ba, yunwar shekara talatin yake kashewa, kuma daɗi yake ji har ransa. Amma soja ne, ya iya lura da abin da ke gabansa, bai iya lura da bakin mutane ba. Ya manta cewa duk waɗannan shugabanni ranar kasuwar shanu wuri ɗaya suke haɗuwa, kuma magajin garin Puybrel a lokacin ba kowa ba ne illa Basile. Noémie ce ta kawo wa Clotilde labari. An tare Basile a kasuwa ana yi masa barka, wai ƙanensa ya fi kowa iya ɗaga kwano a jihar nan. Ya dawo gida da maraƙin da ya kai bai sayar ba, ya zauna bakin murhu, ko kare bai zaga ba.

Dole ɗan takara ya je gidan kowane magajin gari, har da na garinsu. Aka buɗe ɗakin gaba, aka shimfiɗa ƙyalle. Aka kawo nama mai sanyi da cuku da burodi, ba miya.

"Ka yi haƙuri, ranka ya daɗe ɗan takara, yau ba mu ɗora tukunya ba," in ji Basile. "Na ce ƙila cikinka ya gaji da miya."

"Yaya, ni ba ƙuri'a ta kawo ni ba."

"Ashe? To madalla. Ai labari ya iso mana, gida gida kana wanke wa mutane kwanuka. Har Cyprien na ƙetaren rafi ya ce a nasa sau biyu ka yi." Basile ya gyara wuƙar da ke gefen faranti, ya daidaita ta. "Ba laifinka ba ne, ranka ya daɗe. Tsohonmu ne bai yi dabara ba. Da ya nemi kujerar kansila, da shi ma ka sha nasa."

Da zagi ne da Firmin ya san yadda zai karɓa. Basile ya turo masa cuku, ya shiga tambayarsa cikin ladabi ko gwamnati na da niyyar gyara hanyar tasha.

A mota Firmin ya ce wa Clotilde shi ya janye daga takarar. Ta ce, "Ka janye ka ƙara masa wani abin faɗa? Ya ce ka shanye miyar jiha guda a banza? Ja ƙofar nan da kyau, Kanar, ana jiranmu a gaba."

Aka yi zaɓe wata Lahadi cikin tsananin sanyi a babban birnin jiha. Firmin ya ci a zagaye na biyu, ba da rata mai yawa ba. Basile ya zo da baƙar rigarsa ta kasuwa ya jefa tasa, kuma har yau ba wanda ya san wa ya ba. Noémie ta taɓa tambaya ya ce mata ƙuri'a ba tukunyarta ba ce da za ta leƙa. Da aka faɗi sakamako Basile ya ratso taro ya miƙa wa ƙanensa hannu ya ce, "Barka, ranka ya daɗe Sanata," ya tafi neman jirgin yamma.

Majalisa ta yi wa Firmin daɗi, ba ya ɓoyewa. Zaure ne mai ɗumi, kujeru masu laushi, tsofaffi masu ladabi da ba sa gaggawar komai. In aka shiga dogon jawabi sai ya juya wa mai magana kunnen hagu ya huta. Ba ya yawan tashi, in ya tashi kuwa maganar ba ta wuce ta matan da yaƙi ya bar wa marayu, ko cutar inabi, ko hanya. Zai faɗa a taƙaice ya zauna, har abokan zamansa suna tsokanarsa wai shi kaɗai ne sanatan da ke gama magana kafin kofi ya huce. Duk ƙarshen mako ya hau jirgi ya dawo, Lahadi bayan coci mutane su cika lambunsa, wannan ɗansa na neman aikin gidan waya, wancan fanshonsa ya maƙale. Mai kawo agwagwa a kwando ba a mayar masa da ita, Clotilde ce za ta dafa ta tsare shi sai ya ci rabi. Da yamma ya zaga tuffansa, ya zauna a benci yana kallon hayaƙin gidan ubansa a saman tudu. Ɗakin gaba kuwa ya saba da shi yadda ake sabawa da ciwon gwiwa, yana nan, ana rayuwa, sai ranar da aka taka ba daidai ba.

Babban abin da ya samo wa Puybrel gada ce a kan rafin da ke gindin gari, wanda duk lokacin ruwa yake raba mu da tasha. Ya bi ta ofis ofis har ministoci suka riƙa sauya hanya in sun hango shi. Aka gama ta yana da sittin da 'yan kai, aka sa ranar buɗewa farkon fitowar ganye, da hantsi, aka kuwa kwana ana ruwa. Gwamnan jiha ya zo da matarsa, ga 'yan badujala, ga 'yan makaranta da tutoci. Basile ya ɗaura ɗamararsa ta magajin gari mai launi uku, ya riga kowa sauka bakin gada don ya jera mutane. Hanyar mota ta yi caɓi, sai Firmin ya ce wa manyan baƙi su biyo shi ta gonar gidansu, ya san yanke.

A tsakiyar gonar akwai shinge da ƙofar katako. Tumakin Basile suna gefe ɗaya a kan tudun da suka riga suka kalace, a ɗaya gefen ciyawar shuka ce sabuwa, kore shar, jiƙe da ruwa. Firmin ya buɗe ƙofar, ya cire doguwar hularsa, ya tsaya gefe matar Gwamna ta wuce, ya miƙa mata hannu saboda santsi, suka ci gaba yana nuna mata gidan da aka haife shi. A Paris akwai wanda aikinsa ke nan ya rufe ƙofa a bayan sanata, a nan kuwa babu, ƙofar ta zauna a buɗe.

Gwamna ya yi nisa cikin jawabi, yana kan ci gaba da haɗin kan ƙasa, sai Basile ya ɗaga kai ya hango fari fari a cikin koren. Ko yaro a nan ya san abin da jiƙaƙƙiyar sabuwar ciyawa ke yi wa tunkiya mai yunwa: ciki ya kumbura kamar ganga, kafin ka je ka dawo ta mutu.

"Wa ya bi ta gonata?"

Muryar Basile ta yanke jawabin. Firmin ya waiwaya ya ga tudun, ya ɗaga hannu a hankali.

"Kai? Kai Firmin? Kai, amma an yi sakarai! Ƙaton banza, kai kamar kabewa! A gidan uban wa ka ga an bar ƙofa a buɗe? Kai da ka yi kiwon nan da ƙafarka!" Basile ya fizge tasa hular ya maka masa a kafaɗa, gaban Gwamna, gaban Fada, gaban 'yan makaranta. "Me kake kallona baki buɗe? Wuce ka taro su ta sama, jaki kawai, ni in bi ta ƙasa!"

"To, Yaya," in ji Sanata, ya zuba da gudu.

Doguwar hular ta faɗa rafi, ita ce ta fara ratsa ƙarƙashin sabuwar gada. Mai ganga bai san abin yi ba, ya buga sau ɗaya ya bari. Rabin maza suka rufa musu baya. Firmin ya hau tudun nan da tumbinsa da takalmin Paris, yana zamewa yana tashi, yana daka wa tumaki tsawa da irin kiran da bai yi ba tun yana yaro, kuma suka ji. Aka kora su waje, amma 'yan kaɗan sun riga sun kumbura suna nishi. Basile ya zaro wuƙa ya ce a kama masa. Firmin ya durƙusa cikin taɓo ya matse tunkiya tsakanin gwiwoyinsa, wansa ya lalubi gefen cikin ya soka, iska ta fito da wari, ta fesa masa kore a farar riga.

"Riƙe da kyau mana! Haka kuke riƙe ƙasar a can? Shi ya sa!"

"Na riƙe, Yaya."

"Ka riƙe me? Dubi hannu kamar na amarya. Jawo waccan."

Suka ceci duka sai ɗaya, wata tsohuwa da ta fi sauran haɗama, ta mutu kafin a kai gare ta. Basile ya tsaya a kanta yana huci, ɗamarar magajin gari ta karkace ta yi baƙi, ya wanke ƙanensa tas da zagi tun daga ƙuruciya har majalisa, bai tsallake komai ba. Firmin yana durƙushe kai a ƙasa, wani irin daɗi yana cika masa ƙirji wanda bai ji ba ranar da aka ba shi kanar, bai ji ba ranar zaɓe. Bai so a gama ba.

"Saɓa ta ka biyo ni," in ji Basile. "Kai ka kashe ta, kai za ka feɗe, fatar ba za ta tafi a banza ba. Kuma saura ka shigar min da wannan ƙazantar ta ƙofar gaba, jiya Noémie ta wanke daɓe. Ta kicin za ka bi."

Clotilde ta iso tana riƙe da bakin siket, ta tarar da mijinta da matacciyar tunkiya a wuya, kwat a yage, ba hula.

"Firmin, Gwamna na tsaye da almakashi, wai kai ake jira a yanka ƙyalle."

"Ya yanka abinsa." Ya matso kusa da ita ya rage murya. "Kin ji abin da ya ce min?"

"Duk jiha ta ji."

"Jaki fa ya ce."

"Har da kabewa," in ji ta. Ta zaro hankici ta goge masa fuska, ba kuwa taɓo kaɗai ta goge ba.

Daga can gaba Basile ya waiwayo. "Hira kuka tsaya yi? Sai ta ruɓe a wuyanka?"

"Ga ni nan, Yaya," in ji Firmin. Ya gyara tunkiyar a kafaɗa, ya ɗaga ƙafa ya bi bayan wansa.